Gurbin da Ya Zauna Wayam

A Tampere rana ta faɗi tun ƙarfe uku,
ƙanƙara ta liƙe tagar ɗakin gwaji.
Tuulikki na zaune, gahawa ta huce a kofi,
lamba ɗaya tak take jira.

Awa shida manhaja tana nishi,
fankar kwamfuta na huci ƙarƙashin tebur.
An yanka injin gutsi-gutsi, raga kan raga,
hoto ya fito, ja da shuɗi,
layukan maganaɗisu sun kewaye ƙarfe
kamar shatin yatsa a jikin gilashi.
Kyau kam, ba a magana.

Sai gurbin indaktans,
ma'aunin taurin kan naɗin tagulla
duk sa'ad da wuta ta so sauya taku:
wayam.
Da sifili ne ma, ai sifili magana ce.
Babu jan rubutu, babu gargaɗi,
fari fat, kamar tafkin Näsi a watan Janairu.

Ta zargi raga, ta ƙara mata ƙanƙanta.
Ta zargi iskar da ta zagaye injin, ta faɗaɗa ta.
Ta bi wuta daga ƙofar shiga har ƙofar fita
ko akwai inda hanya ta yanke.
Zagaye arba'in da takwas, ta ƙirga sau biyu,
na uku da bakin fensir a kan allo.
Ta kashe, ta kunna,
maganin da kowa ya gada.
Shiru.

Taragon titi na ƙarshe ya wuce da ƙararrawarsa.
Gobe da tara masu injin za su kira,
kuma ba hoto suke saye ba.

Ensio ya shigo neman hularsa,
shekara talatin yana naɗa waya da hannu,
tabon dalma a babban yatsa,
mutumin da kalma biyar ke kai shi yamma.
Ya tsaya a bayanta, ya daɗe,
har ta ji ƙamshin ulun rigarsa mai laima.
Ya ce, "Kin tambaye ta?"

Ta buɗe baki, ta rufe.

Ran Talata ne.
Ta ga sunan naɗin bai yi mata ba,
ta goge, ta raɗa masa sabo,
jadawalin tambaya kuwa tsohon ya sani.
Da ya kira bai ji amsa ba, sai ya cire shi,
bai gaya wa kowa ba.
Ga akwatin can, bai kai ƙwayar sukari ba,
ba alama a cikinsa.
Awa shida manhaja ta yi tana amsa duk abin da aka ce,
abin da ba a ce ba, ta bar shi inda ta gan shi.

Danna ɗaya.
Ensio ya sa hula, bai yi dariya ba,
ya bar mata rabin burodin kirfa a kan takarda.

Ƙarfe huɗu na dare gurbi ya cika:
milihenri uku da ɗigo bakwai.
Ta jawo ma'auni, ta maƙala wa injin gaske,
uku da ɗigo tara.

Ta dubi tazarar, ta rubuta ta a bayan hannu.
Wannan rigimar gobe ce.
Ta fita kankare ƙanƙara daga sirdin keke.