Baƙi Ba Sanyi Ba Ne

Ƙarfe ɗayan dare a Samaru,
janareta na tari a bayan taga.
Dokta Talatu ta bar mini layi biyar a fuskar kwamfuta,
ta ce, "Tauraro ɗaya ne. Karanta mini mutuwarsa."

Layin fari ya yi tsalle ya faɗi a 'yan sa'o'i.
Haske ne na gaba da shuɗi, ido bai san shi ba,
tsawar da ta tsaga fatar tauraron ta fito.
Wanda ya yi gyangyaɗi a daren
ya rasa ta ke nan.

Shuɗi ya hau da gudu,
ya yi 'yan kwanakinsa, ya sauka ba sallama.
Kore ya bi sawu.
Ja kuwa ya miƙe ƙafa wata da watanni,
kamar baƙon da ya hango tukunya a murhu.

Nan na tuna maƙerar kakana Barau a Ƙofar Gayan.
Yakan zaro ƙarfe da awartaki, fari fat,
kafin guduma ta sauka sau goma ya koma ruwan ɗorawa,
sai ja wur, sai jan gauta mai duhu,
sai baƙi ƙirin a gefen uwar maƙera.
Ina shekara shida na ɗauki baƙin.
Bai yi mini faɗa ba.
Ya tsoma hannuna a kaskon ruwa, ya ce,
"Hansatu, baƙi ba sanyi ba ne."

Ga shi a layi na huɗu:
can ƙasa da ja, inda fata ke gani ido ya makance,
ƙurar da mamacin ya haifa tana ɗumi ita kaɗai.

Na biyar shiru, shiru,
har na zaci na'ura ce ta lalace.
Sai da hayaƙin ya yi shara-shara
muryar rediyo ta samu hanya,
kamar gaisuwar mutuwa daga dangi na nesa.

Jelar hasken fa, wa ke ciyar da ita?
Nikel ne ke rikiɗa a hankali, in ji takardun,
ƙarshensa ƙarfe.
Na yi dariya ni kaɗai.

Ya fashe tun dutsen Kufena bai da suna,
labarin bai gama isowa ba.
Kaka, shekara tara ke nan.
An kira assalatu.
Na kashe kwamfuta,
na shafa tabon babban yatsana a duhu.