Kujera Ta Biyu, Gefen Taga

Ƙarfe huɗu na asuba a Heathrow,
jirgi ya sauke numfashi,
muka shiga da tsumma.

Can gaba, inda kujera kan zama gado,
wani ya bar bargo da ɗuminsa,
inabi uku a faranti,
da ƙamshin turaren da ya fi kuɗin hayata.

Ni da zan zo ƙasar nan
layi na hamsin da huɗu aka ba ni,
gwiwa a ƙirji, ruwa a kofin roba.

Lantana ta tsare min ƙofa.
Na kwanta. Na ƙirga goma.
Ashe sama ma hawa-hawa ce.

Na shafe gurbin kaina daga matashin,
kada motar Hounslow ta bar ni.