Ƙananan Haruffa

Takardar ta zo ta hannun Mahjub,
ɗan kamfanin inshora mai farar jallabiya.
Ya ƙi zama, ya ce rana ta yi,
ya bar mini shafi tara da ƙanshin turarensa.
Sirajo ne ya biya daga Jidda.
Ya ce, Inna, ki miƙe ƙafa ki yi barci,
gida ya shiga hannun manya.

Na ɗauko tabarau, mai ƙafa ɗaya da zare,
na zauna gindin darbejiya.
Manyan haruffa sai fara'a suke:
gobara, mun ɗauka,
ɓarawo, mun ɗauka,
iska in ta yaye kwano, mun ɗauka.
Can ƙasa, inda rubutu ya koma kiyashi,
wai ruwan da ya sauko ta rufi nasu ne,
wanda ya shigo ta ƙofa nawa ne.
Ashe ruwa ma dangi biyu ne.

Shekara arba'in ina Gadarif,
ban taɓa ganin ruwa ya tsaya a zaure
ya yi sallama ya faɗi asalinsa ba.

Baharu, Allah ya jiƙan rai,
bai san shafi tara ba.
Bazara na kamawa, ƙasa ta dare baki
har ɗan akuya ya karye a tsagarta,
sai ya jingina tsani.
Ya bi azara ɗaya-ɗaya da ƙotar gatari,
yana saurare kamar mai duban ciki.
Wadda ta amsa da ƙarfi ya wuce,
wadda ta yi muryar ganga ya ce, gara ta riga mu.

Tsanin na nan. Gwiwar ce babu.

Na aika a kira Ajuji magini.
Ya zo da yaransa biyu da jaki,
aka kwaɓa laka da kashin shanu da ƙaiƙayi,
kwana uku tana ruɓa, maƙwabta na toshe hanci.
Ya zaro sheƙar tsuntsu daga indararo,
da takalmin jikata da muka nema tun bara.
Reshen da ya leƙa ɗakin riɗi ya sha gatari.
Kwata kuwa ni na yashe ta da hannuna,
ban bar wa kowa ba,
na san inda take yin taurin kai.
Buhun yashi shida a bakin ƙofa,
saboda dangin ruwan nan da ba su ɗauka ba.

Jiya da la'asar gabas ta haɗe rai.
Iska ta zo tana gwada ƙusoshi,
ta girgiza kwano, ta saki, ta sake.
Sirajo ya bugo: Inna, takardar fa?
Na ce tana lafiya.
Na naɗe ta a leda biyu,
na sa a gwangwanin madara, na ɗora bisa kabad,
kada ɗigo ya taɓa ta.
Ya yi dariya har layi ya yanke:
ni ce na yi wa inshora inshora.

Na kashe fitila, na bar kunne a buɗe.
Ɗigon farko ya faɗi a kan sabon yaɓe,
ya nemi hanya, bai samu ba,
ya bi indararo ya fita titi
kamar baƙon da aka nuna wa ƙofa.