Dami Sha Ɗaya

Gonarmu tana gabas da bututun kamfani,
tafiyar rabin sa'a daga Bajoga a kan keke.
Kakana Giɗaɗo ne ya sare dajin,
ya bar tsamiya guda saboda inuwa.

Shekarar da aka haife ni, in ji Inna Dudu,
dami arba'in aka ɗaure a nan,
har jaki ya gaji ya kwanta a hanya.
Bana sha ɗaya na ƙirga.
Na sake ƙirgawa, ko idona ne.
Sha ɗaya.

Ba fari aka yi ba, ruwa ya kai har watan goma.
Ba fara ba ce, ba wuta-wuta ba.
Shi wannan da dare yake zuwa, ba ya sallama.
Gari ne, ya fi na tuwo laushi,
ya kwanta a kan ganye, raɓa ta kwaɓa shi,
kafin hantsi rana ta ƙamar da shi.
Ganyen wake ya koma daɓe.
Na taɓa rubuta sunana da tsinke a ganyen kuɓewa,
har sati ya zagayo yana karantuwa.

Malamin gona ya ce ganye ma yana da hanci,
ƙanana ƙanana, ido ba ya ganinsu.
To wa zai fyace wa dawa hanci,
kara dubu nawa, ni kaɗai?

Ƙudan zuma ya bar amyar da ke kan tsamiya.
Akuyar Adda Fanta tana tari kamar tsohon mashayin taba.
Rama sai an wanke ta sau uku,
duk da haka garas-garas take a haƙori.

Ɗana Jibir can yake dako a bakin ƙofarsu.
Yana dawowa fari fat har gira,
kuma kuɗinsa ne ke auno mana masara.
Yaya zan zagi hannun da ke ba ni a baki
don ɗayan ya shaƙe wuyan gonata?

Shekaranjiya ya kawo mini buhu guda, kyauta.
Na yaɓe rumbu da shi, ciki da waje.
Ya yi kyau, wallahi.
Ɓera ba zai shiga ba, gara ma ta haƙura.
Da na gama na zura kaina ciki in duba,
tari ya kama ni,
rumbun ya maido mini da tarina.