Kafaɗar Sali

A shagon Njidda, bayan kasuwar Garwa,
ya zube mini harsasai a tafi:
ja, kore, da wani siriri kamar karan gero.
Ya ce, "Jan na gyado ne, shi maza ke saya."
Na ce ba gyado na zo nema ba.

Sali shekararsa sha ɗaya,
kafaɗarsa ba ta fi ludayi faɗi ba.
Ina kamarsa adakar babana ta shure ni,
na faɗa ƙaya a bakin Binuwai,
manya na dariya.
Shekara bakwai ina runtse ido kafin in ja kunama.
Har yau, in damina ta kankama,
ƙashin nan sai ya gaishe ni.

Na ɗauki siririn, mai ɗan albarushi,
wanda ba ya huce haushi kan mai riƙonsa.
Njidda ya ƙirga sefa yana taɓe baki.

Gobe a gaɓar Lagdo babu zabo, babu fakara.
Gwangwanin tumatir kan kututture,
auduga a kunnuwansa,
tafina a bayansa.
In ya kuskure, ya kuskure.
Idon nan dai nake so
ya zauna a buɗe.