Arba'in da Ɗaya

Arba'in da ɗaya, talatin da takwas.
Lurwanu mai shayi ya rubuta da gawayi
ƙarƙashin farashin burodi.

Yaran sakandarenmu na Ɗorayi suka ci.
Kwandon, Tasi'u mai walda ya lanƙwasa
da guntun rodi, ko sisi bai karɓa ba.

Da la'asar aka sa taron yashe kwata,
wadda ta toshe tun farkon damina.
Mai unguwa ya tarar da benci wayam,
ya bi ihu har bakin fili.

Can ya same mu, har da kansila,
hula a hannu, murya ta dishe.
Ya ce, "Tunda kun taru,
gobe kowa da shebur."

Mudassir, mai jifan ƙarshe,
shi ya fara naɗe wando.