Bokiti a Hawa na Uku

A gidan tsofaffi na Delfshaven, hawa na uku,
ni ce mai wankan Talata da Asabar.
Wietske sunana. An san ni da sanyin hannu,
amma ɗaki na goma sha huɗu ya sa hannun nan rawa.

Anacleto Delgado.
Shekara talatin da ɗaya yana ɗaure jiragen ruwa a tashar Rotterdam.
Da harshenmu ya yi ciniki, ya yi rigima da ubangida,
da shi ya nemi aure, da shi ya binne matar.
Sai mantuwa ta shigo masa kamar ɓarawon rumbu,
ta fara da damin da aka ɗora a ƙarshe.
Harshen Holan ya tafi, ko sallama babu.
Saura wanda ya sha a nono,
Kiriyol ɗin tsibirin Santo Antão,
mu kuwa ko gaisuwarsa ba mu iya ba.

Da na murɗa kan shawa
sai ya zabura, ya ture ni, ya rungume bututu,
yana ihu har jijiyar wuyansa ta miƙe.
Na rubuta a fayil: yana da faɗa.
Likita ya karanta, ya ƙara rabin ƙwaya.
Aka ce ya lissafo watanni daga baya
da harshen da ya riga ya guje shi.
Aka ce ya zana agogo. Ya zana akuya.
Aka ba shi sifiri.

Ran wata Asabar Arcângela na goge baranda,
matar da muke wucewa kamar ƙusa a bango.
Ta ji ihun. Ta yar da sandar guga, ta shigo ba izini,
ta kashe ruwan, ta faɗi kalma biyu.
Tsohon nan ya yi laƙwas,
ya dube ta kamar ya hango gida daga teku.

Ta ce, ba zaginki yake ba.
Cewa yake a rufe, a rufe, ruwan gobe ne.
Yana yaro sama ta yi shekaru ba ta zubo ba.
Uwarsa kan fita da garwa tun kafin zakara,
ta dawo rana tsaka, wuya a sage.
Ke kuma kin sake shi yana bin rariya.

Rashin sani ya fi dare duhu.
Wata bakwai ina kokawa da mutum
a kan abin da shi ke da gaskiya.

Na sayi bokiti shuɗi da kuɗin aljihuna,
na ɗauko kofi daga kicin.
Yanzu da kansa yake aunawa: kofi bakwai, ba takwas ba.
Kai, hammata, baya sai ya ba ni.
Abin da ya rage a gindin bokiti
na furen bakin taga ne, har ya fara rawaya don ƙoshi.

A taro aka ce takarda ba ta da gurbin bokiti.
Na rubuta shi a gefe, da jan biro.
Aka ce fassara ba aikin mai shara ba ne.
Hakane. Albashinta ma bai sani ba.
Duk da haka ta koya mini kalma tara,
ina faɗarsu a karkace, yana dariya, yana gyara mini.
Yana kirana Bia. Ban san ko wace ce ba.
Ina amsawa.

Jiya da dare hadari ya haɗo daga teku,
ruwa ya hau dukan gilashi.
A garin nan ba mai ɗaga kai don ruwan sama.
Na iske shi tsaye, ba takalmi,
bakinsa na motsi, idonsa na sheƙi.
Ya damƙi hannuna, ya nuna bokiti, ya nuna waje.

Doka ta hana buɗe ƙofar baranda bayan ƙarfe tara.
Na buɗe.